Ƙarfe Shi ne Fuskar Lamba

Laccar da aka gabatar a birnin Bauchi a kan lambobin tunawa da ƙarafan da ake yin su da su

 

Na shigo wannan zaure da lambobi biyu a aljihuna, kuma a kansu zan gina duk abin da zan faɗa. Ta farko tauraruwa ce mai tsini shida, irin wadda aka bai wa mazan jiya da suka yi yaƙin Bama. Ta wani dattijo ce a unguwarmu, Allah Ya jiƙansa, iyalansa suka ba ni aro. Ta haura shekara 70 a duniya. Launinta ya sauka daga rawaya ya koma kamar zumar da ta kwana biyu, amma kowane harafi a jikinta yana nan daram. Ta biyu kuwa ni aka bai wa, a bikin cikar wata ƙungiya shekaru, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Ranar da aka rataya mini ita, ƙyallinta har ido yake kashewa. Damina uku ta yi a cikin akwati, sai na tarar ta yi ƙuraje, ruwan zinariyar ya ɗaye, wani toka-tokan ƙarfe ya leƙo daga ƙasa, sunan ƙungiyar ma da ƙyar ake karanta shi.

Zanen ta biyun ya fi na ta farko kyau. Abin da ya raba su shi ne ƙarfen da aka zaɓa.

Mece ce lambar tunawa?

Lambar tunawa ƙanwar kuɗi ce, amma ba a cefane da ita. Ana buga ta ne don wata rana, ko wani mutum, ko wani aiki, domin wanda bai ga abin da idonsa ba ya riƙa shaidarsa a tafin hannu. Masana tarihin wannan fanni sukan fara lissafi daga Italiya, inda wani mai zane, Pisanello, ya zuba lambar Sarkin Rumawan Gabas wajen shekarar 1438. Tun daga lokacin ake samun mutanen da ke tara irin waɗannan lambobi, suna nazarinsu, suna saye da sayarwa, kamar yadda wasunmu ke tara tsofaffin littattafan ajami. Mai tara lamba idan ya ɗauki guda, kafin ya karanta rubutun sai ya juya ta a haske, ya auna ta a hannu, ya duba gefenta. Ƙarfen yake tambaya.

Sunayen ƙarafa a bakinmu

Bahaushe ya raba ƙira gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu fartanya da garma da gatari, akwai maƙeran fari, masu zobe da munduwa da kayan doki. Lamba aikin maƙeran fari ce. Zinariya da azurfa kowa ya san su. Inda ake samun ruɗani shi ne kalmar tagulla, domin abu uku muke kira da ita. Akwai jan ƙarfe zalla, wanda wasu ke ce wa jan gaci. Akwai jan ƙarfen da aka gama da kuza, yawanci kashi 10 zuwa 12 cikin 100, wanda zan riƙa kira tagullar kuza. Akwai kuma wanda aka gama da tutiya, zan kira shi tagullar tutiya. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, kuma a harkar lamba maganar ta zauna daidai, domin kusan duk lambar da za ku gani gami ce.

Gamin nan shi ke juya launi. Idan tutiya kashi 5 ce cikin 100, ƙarfen yana nan ja-ja. Idan ta kai kashi 15, sai ya ɗauko launin zinariya har ya ruɗi wanda bai sani ba. Idan ta kai kashi 30, ya zama rawaya irin ta tsofaffin kwanonin tagulla da iyayenmu mata ke jerawa a ɗaki. Tauraruwar Bama da ke hannuna gamin jan ƙarfe da tutiya ce. Idan kuma aka gama jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25, jan ya ɓace gaba ɗaya, a sami wani farin gami mai kama da azurfa. Da shi aka buga lambar samun 'yancin kan Najeriya, wadda aka bai wa sojoji da 'yan sandan da ke bakin aiki ranar 1 ga Oktoba, 1960, mai hoton Sarauniya a fuska ɗaya da tambarin ƙasa a ɗaya fuskar, da ƙyalle kore da fari da kore.

Yadda kowane ƙarfe ke karɓar haske

Zanen lamba ba shi da fenti. Tudu da kwari ne kawai, kuma ido yana ganinsu ne ta hanyar haske da inuwa. Saboda haka ƙarfen da ya cika ƙyalli yakan cinye zanen da ke kansa.

Mu fara da zinariya. Ba ta tsatsa, ba ta baƙi, yadda aka buga ta haka jika zai same ta. Tsantsarta karat 24 ce. Mai karat 22 tana da kashi 916 cikin 1,000, mai 21 da matanmu suka saba saya tana da 875, mai 18 kuwa 750. Abin da aka cika ragowar da shi yana juya launinta: jan ƙarfe ya ja ta wajen ja, azurfa ta ja ta wajen kore-kore. Lambar Nobel, irin wadda Wole Soyinka ya karɓa a 1986, zinariya ce mai karat 18 da aka yi wa rufi da mai karat 24 don launin ya cika. Lambar Sarki Faisal, wadda Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya samu a 1987 saboda hidima ga Musulunci, zinariya ce mai karat 24, nauyinta giram 200. Zinariya tana da kwarjini daga nesa. Amma idan aka goge ta sosai, haskenta yakan cike kwarin zanen, fuskar mutum ta yi sumul, alamun shekaru da ke goshinsa su ɓace. Shi ya sa gidajen buga lamba sukan bar filin lambar yana sheƙi kamar madubi, su dusashe zanen kansa, domin ido ya rarrabe.

Azurfa ta fi kowane ƙarfe mayar da haske, kuma tana da laushin da ke karɓar zane komai ƙanƙantarsa. Wadda aka fi amfani da ita tana da kashi 925 cikin 1,000. Kakanninmu sun san azurfa ta hanyar liyari, kuɗin nan na Ostiriya mai hoton Mariya Tarisa, wanda ko yaushe aka sake buga shi daga baya shekarar 1780 ake rubutawa. Azurfarsa kashi 833 ce cikin 1,000, kuma maƙeranmu sun narkar da shi ba adadi sun yi zobba da kayan ado. Halin azurfa shi ne tana jin warin farar wuta a iska, sai ta fara rawaya, ta yi shuɗi-shuɗi, daga baya ta yi baƙi. Baƙin nan yakan zauna a cikin kwarin zane, tudun kuma ya ci gaba da haske saboda taɓawar hannu. Sakamakon haka tsohuwar lambar azurfa ta fi sabuwa fito da zane. Masu tara lambobi suna biyan kuɗi a kan wannan duhu, mu kuwa sai mu sa toka mu kankare shi.

Tagullar kuza ita ce abokiyar mai zane. Haskenta a kwance yake, ba ya tsalle ya shiga ido, don haka inuwa takan zauna a inda aka so ta zauna. Gemu ya fito sili-sili, naɗin rawani ya nuna kowane lanƙwasa. Idan shekaru suka tura sai ta yi ruwan ƙasa mai duhu, wani lokaci da ɗan kore, kuma wannan fatar da ta yi ita ke kare cikinta. Wanda ya ga hotunan kayan Igbo-Ukwu, waɗanda suka haura shekara 1,000, ko kawunan Ife da aka tono a 1938, ya ga abin da dangin jan ƙarfe ke iya riƙewa.

Farin gamin nikel kuwa jarumi ne wajen juriya, ba ya saurin dusashewa, ba ya jin gogayya. Sai dai farinsa yana da sanyi da ɗan toka-toka, kuma taurinsa yana hana a yi masa zane mai zurfi. A ɗauki lambar Yaƙin Duniya na Biyu ta 1939 zuwa 1945. Ingila ta buga tata da farin gami, Kanada ta buga tata da azurfa mai kashi 800 cikin 1,000, zane ɗaya. Idan aka jera su yau, ta Ingila tana nan fari fat kamar sule, ta Kanada ta yi duhu mai taushi, zanen ya ƙara fitowa.

Nauyi, amo da hanyar ƙira

Hannu ma yana gani. A ɗauki lambobi huɗu masu girma ɗaya. Idan ta alminiyam ta yi giram 27, ta tagulla za ta yi wajen 88, ta azurfa 105, ta zinariya 193. Mutumin da aka miƙa wa lamba ya ji ta shafal kamar marfin kwalba, girman da ya ba ta a zuciyarsa ya ragu tun bai duba rubutun ba. Haka amo: azurfa idan aka ɗora ta a kan yatsa aka ƙwanƙwasa, sai ta yi ƙara mai tsawo, dalma da tutiya kuwa ƙararsu a mace take.

Hanya biyu ake bi a yi lamba, bugu da zubi. A bugu, ana sassaƙa zanen a jikin hatimin baƙin ƙarfe mai tauri, a sa faifan ƙarfe a tsakani, inji ya danna. Zinariya da azurfa da jan ƙarfe suna bin hatimi cikin sauƙi. Idan zanen mai tudu ne sosai, sai a buga, a mayar da faifan wuta ya yi laushi, a sake bugawa, har zanen ya cika. A zubi kuwa, ana yin siffar da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Tagullar kuza tana gudu a cikin mazubi ta shiga kowane lungu, kuma lambar zubi tana da wata fata mai ɗan kaushi wadda ke nuna hannun mutum ya taɓa ta. Jan ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1,085 yake narkewa, tutiya kuwa 420 ya ishe ta. Wannan sauƙin narkewa shi ya sa masu neman araha suka fi son tutiya.

Lamba da shekaru

Tarihin kuɗinmu ya riga ya koya mana darasi. A 1907 Turawa suka kawo anini, mai huda a tsakiya da tauraro da rubutun Larabci, kuma da alminiyam suka buga shi, ƙarfen da a lokacin sabo ne a harkar kuɗi. Bai jure gumi da laimar ƙasarmu ba, ya riƙa cinyewa. A 1908 aka koma buga shi da farin gamin nikel. Haka sule: a 1913 azurfa ne, a 1920 da azurfa ta yi tsada aka mayar da shi tagulla. Sulen bai canja suna ba, amma duk wanda ya riƙe na da, ya riƙe na baya, ya san an rage wani abu.

Kada a ɗauka wannan matsalar mutanen da ce. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, an yi lambobi masu kyan gaske, kowace da guntun baƙin ƙarfe na hasumiyar Eiffel mai nauyin giram 18 a tsakiyarta. Ba a daɗe ba 'yan wasa suka fara nuna lambobinsu, musamman na tagulla, sun yi dabbare-dabbare, man kariyar da aka shafa musu ya ɓare. Fiye da 100 aka mayar don a sauya. Idan haka ta faru ga gidan buga kuɗi na Faransa, to kwamitin biki a garinmu ya kamata ya yi tambaya sau biyu kafin ya ba da kwangila.

Wannan ya kawo mu ga ruwan zinariya. Yin rufi da zinariya ba aibi ba ne. Rabon da a ba da lambar Olamfik ta zinariya zalla tun gasar Stockholm ta 1912. Wadda Chioma Ajunwa da 'yan ƙwallonmu suka ciyo a Atlanta a 1996 azurfa ce aka rufe da zinariya, kuma ƙa'ida ta ce rufin kada ya gaza giram 6. Ko da rufin ya goge, azurfa za a tarar a ƙasa. Lamba mai araha kuwa tutiya ce ko baƙin ƙarfe, da rufin da sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba. Laima na samun ƙofa ko da ta kai tsinin allura, sai ta shiga ta ci na ƙasan, rufin ya kumbura ya fashe. Abin da ya sami lambata ke nan. Araha ba ta ado.

Ƙarfe yana magana a kan daraja

Zaɓen ƙarfe yakan tona yadda mai bayarwa ya ɗauki mai karɓa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta buga lambar yaƙi ta azurfa fiye da miliyan 6, sannan ta buga kimanin 110,000 da tagulla don leburorin da aka ɗebo daga ƙasashe irin su Sin da Indiya. Zane ɗaya, yaƙi ɗaya, ƙarfe ya raba su. A nan gida, Turawa sun shiga Bauchi a Fabrairun 1902, kuma a Yulin 1903 aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Sojojin da suka yi wa Turawa waɗannan yaƙe-yaƙe an ba su lambar azurfa mai ɗauke da sunan Arewacin Najeriya da shekarar yaƙin. A wurinmu abin baƙin ciki take tunawa, amma shaida ce, kuma don an yi ta da azurfa ta gari har yau ana karanta ta.

Ta ɗaya gefen, lambar jarumtaka mafi girma a Ingila, wadda Sarauniya Victoria ta kafa a 1856, da tagullar tsofaffin igwa ake zuba ta. Ƙarfen ba shi da tsada, amma babu lambar zinariyar da ta kai ta daraja a can. Ashe tsadar ƙarfe daban, dacewarsa daban.

Mu Musulmi muna da ƙarin abin dubawa. Shari'a ta hana namiji ado da zinariya, ta halatta masa zoben azurfa. Idan lambar ta ratayawa ce a wuya ko a ƙirji, ya kamata a tuntuɓi malamai tun kafin a zaɓi ƙarfe. Wanda kuma yake ƙyamar hoton mai rai, yana da abin koyi a dinarin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan na shekara ta 77 bayan Hijira, wanda rubutu ne zalla a fuskokinsa biyu. Rubutu yana son ƙarfen da zai riƙe kaifin harafi, kuma azurfa da tagulla duk suna yi.

Kuzar ƙasar Bauchi

Jama'a, me ya sa nake wannan magana a Bauchi musamman? Saboda rabin sirrin tagulla a ƙarƙashin ƙafarmu yake. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Liruwen Dalma suna narka kuza, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Wannan kuzar ce Kamfanin Neja ya gani a kasuwannin bakin Binuwai ya bi sawunta, har injiniyansa Laws ya iso tsaunukan da kuzar take a 1903. Shekaru da dama duniya ta san wurin da sunan filin kuzar Bauchi, kafin a yanke Lardin Filato a 1926. Ƙaramin layin dogon da aka shimfiɗa daga Zariya, ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957, sunan Bauchi yake ɗauke da shi duk da bai taɓa shigowa wannan birni ba. Kuzarmu ta tafi ƙasashen waje ta yi wa wasu aiki. Mu kuma idan za mu karrama namu, sai mu aika a kawo mana tutiya mai rufi.

Ku yi tunanin lambar tunawa da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, hotonsa ke kan naira 5. Duniya ta yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, amma mutum ne da ya rayu cikin sauƙin kai, ya bar duniya a Janairun 1966 bai tara dukiya ba. Ni a ganina tagullar kuza ce ta dace da shi: ba ta da ƙyalƙyali, tana da nauyi, kuma tana ƙara kyau da tsufa. Haka nan ganuwar da Malam Yakubu ya kewaye garin nan da ita, da Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran, da giwayen Yankari, da ranar kafa jihar nan a 1976, duk abubuwa ne da suka cancanci ƙarfen da zai kai wa jikoki labari.

Kira

Ga masu shirya bukukuwa, na gwamnati ko na masarauta ko na makaranta: ku tambayi mai kwangila sunan ƙarfen da ke ƙarƙashin rufi, ku sa a rubuta shi a takardar yarjejeniya, a kuma buga shi a gefen lambar tare da shekara. Ku ɗora samfurin a sikeli, ku kusanta masa maganaɗisu. Idan ya kama, akwai baƙin ƙarfe a ciki. Lamba 50 ta tagullar gaske ta fi 500 da za su ɗaye.

Ga waɗanda suka gaji lamba a gida: kada ku sa mata toka, ko tsamiya, ko lemun tsami, ko yashi. Duhun da ke jikinta shekarunta ne, kuma idan aka kankare ba ya dawowa yadda yake. Ku riƙe ta ta gefe, domin gishirin gumi yana barin tabo. Ƙurar hunturu a hure ta, kada a murza. Ku raba ta da roba da jakar fata da leda mai laushi, ku naɗe ta a farin ƙyallen auduga, ku ajiye inda laimar damina ba ta kai. Idan kun ga wani kore mai gari-gari yana fitowa a tagulla, ciwo ne mai ci, ku ware ta ku nemi ma'aikatan gidan tarihi. Ku rubuta sunan mai ita da abin da ya yi a takarda ku haɗa. Kuma don Allah kada ku sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.

Ga malamai da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejojin fasaha na garin nan: ku je maƙera ku zauna da maƙeran fari. Su suna da hannu da sanin wuta, ku kuna da awo da ɗakin gwaji. Idan kuka haɗu, babu abin da zai hana a zuba lambar Bauchi a cikin Bauchi, da kuzar ƙasar nan.

Lambar tunawa amana ce da muke aika wa waɗanda ba a haifa ba tukuna. Mu zaɓa mata ƙarfen da zai isar da saƙon. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci sana'ar hannunmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.